Minti Goma Sha Biyar

Makarantarmu na gindin tudu, a gaɓar tekun Chile,
inda iska ke shigo da ƙarnin kifi har cikin aji.
Lissafi nake koyarwa,
amma wanda ke hana ni barci ba ya kan allo:
in ƙasa ta girgiza, teku kan ja da baya,
kuma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.
Minti goma sha biyar, in ji masana,
shi ne rancen da ruwa ke ba mu
kafin ya dawo karɓar bashi.

Ran Talata Leontina ta zo daga ofishin lardi,
agogo a wuya, takarda a hannu, ba fara'a.
Ta karanta kwanan wata a jikin tulun kashe gobara,
ta jijjiga kabad, ta ce a ɗaure shi da bango,
ta kurɓi ruwan famfo, ta yamutsa fuska,
sannan ta tsaya a ƙofar baya.
Sarƙa. Kwaɗo.
"Wa ke da makulli?"
Shugaba ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu.
Ya ce ta nan yara ke sulalewa
sayen soyayyen burodi a bakin hanya.
Ta ce, "Wanda ya sulale, da yamma yana gida.
Wanda ƙofa ta tare fa, ina za a neme shi?"

Sai ta sa aka kaɗa jiniya.
Talatin da ɗaya suka shige ƙarƙashin tebur,
hannu a ƙeya, dariya a ciki.
Muka fito a jere, muka tsaya jiran makulli.
Millaray ta koma ɗauko jakarta.
Nahuel, da keken guragu ba ya hawa tudu,
tsoho Evaristo mai shara ya goya shi,
yana haki, yana ƙirga matakala,
ɗari biyu da tara, uku sun karye.
A can sama matar ta danna agogo.
Sha bakwai.
Ba ta ce komai ba. Ta juya ta dubi teku.
Mu ma muka duba.

Minti biyu.
Bai kai a dafa ƙwai ba,
bai isa mai gulma ya gama gaisuwa ba,
amma a cikinsa aji guda zai iya ɓacewa.
Na shiga nemansa kamar allura a rairayi:
daƙiƙa hamsin na cikin kwaɗo,
talatin a jakar Millaray,
ashirin a igiyar takalman da ba a ɗaure ba,
saura a gwiwar tsoho da karyayyun matakala.

Ran Asabar masunta suka bar komarsu a rana,
suka hau tudu da siminti a kafaɗa.
Uwar Nahuel ta ɗinko majanyi mai hannu huɗu
don manya biyu su raba nauyin.
Evaristo ya datse sarƙar da zarto,
ya rataye kwaɗon a ƙusa, cikin ɗakin tsintsiya,
ya ce ya huta, ya yi aikinsa, ba daidai ba.

Wata na zagayowa muka sake.
Sha huɗu da 'yan kai.
Na ƙirga kawuna sau biyu, don hannuna na rawa:
talatin da ɗaya, talatin da ɗaya.
Ƙasa can, teku na kwance kamar saniya mai tuƙa,
sai ka rantse bai taɓa cin kowa ba.

Har yau yara na sulalewa sayen burodi.
Ina ganinsu ta taga, alli a hannuna.
Ya kamata in tsawata.
Sai in samu kaina ina saurare
yadda ƙofar ke buɗewa da turi ɗaya,
ba ko ƙara.